Aska da Dinya: Sunayen Zanen Ɗinki

Maɗinki yakan raɗa wa zane sunan abin da ya saba gani. A Amurka akan haɗa ƙyallaye masu kusurwa uku, babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe, a jera su a bargo, a kira jerin "tashin dinyoyi". A Kusfa kuwa, da sauran unguwannin birnin Zariya, da zare ake fitar da irin wannan tsini a ƙirjin babbar riga, a ce masa aska, watau aska biyu ko aska takwas, gwargwadon yawansu. Wancan ya dubi sama, wannan ya dubi zabirar wanzami. Ya kamata malamai su rubuta waɗannan sunaye daga bakin maɗinka, gama in keken ɗinki ya kawar da allura, kalmomin ma sai su bi ta.