Maganin Ruwa da Abin da Yake Bari a Baya

Mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram mun san yadda ruwan rafi da na rijiya yake gurɓacewa da damina. Mun kuma tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda Jigawa tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Saboda irin wannan ne ake zuba wa ruwan sha sinadarin kulorin, don ya kashe ƙwayoyin cuta.

Amma kulorin yana da nasa aibin. A 1974 wani masani mai suna Rook ya gano a birnin Rotadam na ƙasar Holan cewa idan kulorin ya gamu da ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin da ya narke cikin ruwa, sai a sami waɗansu sababbin sinadarai, kamar kulorofom. Daga baya an ƙidaya irinsu fiye da 600.

To, ina haɗarin yake? Cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai ƙwayoyin gado, waɗanda su ne ke tsara yadda za ta girma ta rabu. Da masana suka gwada waɗannan sinadarai a kan ƙwayoyin bakteriya, sun ga waɗansunsu suna jirkita wannan tsari, musamman masu ɗauke da sinadarin buromin. Irin wannan jirkicewa kan zama mafarin ciwon daji. Bincike a Turai da Amurka ya nuna alaƙa tsakanin daɗewa ana shan irin ruwan nan da ƙarin haɗarin ciwon dajin mafitsara. Shi ya sa Amurka ta kafa musu iyaka a 1979, ta ƙara tsananta ta a 1998.

Shin sai mu daina sa maganin? A'a! Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Kwalara tana iya kisa cikin kwana guda, wancan haɗari kuwa ƙarami ne, sai an shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gargaɗi cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don tsoron waɗannan sinadarai.

Dabarar ita ce a rage dattin tukuna. Mu bar ruwa ya kwanta, ko mu sa masa alif, mu tace, sa'an nan mu zuba maganin daidai awon da aka rubuta, mu jira minti 30 kafin mu sha. In datti ya ragu, abin da kulorin zai haifar ma ya ragu. Allah ya ba mu lafiya.