Rigakafin da za a zuba a kwami

Ranar da na bi wani malamin dabbobi zuwa ruga, tun kafin azahar ƙanƙarar da ke cikin kularsa ta zama ruwa. Ya buɗe, ya taɓa kwalaben allurar ciwon huhu, ya girgiza kai. Ga shanu sun fi ɗari an tara, ga Ardo yana jira. "Baba, sai dai mu dawo jibi," ya ce. Allurar da ta sha zafi ba ta da amfani, ko daga cibiyar da ke haɗa ta a Vom aka ɗauko ta jiya.

Tun ranar nake bin labarin masu neman sa rigakafi cikin ganye. Dabarar ita ce a ciro ƙwayar halitta ɗaya daga ƙwayar cutar, wadda ke ƙera wani sinadari da jiki zai iya shaidawa, a dasa ta cikin tsiro. Mai yi musu dakon ta wata ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa, Agrobacterium, wadda dama aikinta ke nan, cusa wa tsiro kayanta. Tsiron ya girma yana ƙera sinadarin, dabba ta ci, garkuwar jikinta ta san abokin gaba tun bai iso ba.

A 1998 an ba mutane ɗanyen dankalin turawa irin wannan a Amurka, jikinsu kuma ya amsa. A fannin shanu, masana a Jami'ar Guelph ta Kanada sun tasa ƙwayar Mannheimia haemolytica a gaba, wadda ke kama huhun maruƙa bayan wahalar doguwar tafiya a mota. A 2001 suka ba da rahoton cewa sun sa wani ɓangare na dafinta cikin ciyawar kiwo, suka yi wa zomaye allura da ruwan ganyen, jinin zomayen ya samar da makari. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafinsu kan tuƙa. Saniya tana dawo da abinci baki ta sake taunawa, don haka ganyen zai yi ta goga maƙogwaro, inda garkuwar jiki ke da masu gadi.

Amma duk wanda ya taɓa zuba wa shanu dusa ya san inda gizo ke saƙa. Bijimi zai ture kowa ya cinye kason uku, maraƙin da ya fi buƙata ya tsaya gefe yana kallo. Wa zai auna abin da kowa ya samu? Tumbi kuma yana narkar da sinadarin, kuma ganye ba ya ƙera shi daidai wa daida.

A 2006 hukumar noma ta Amurka ta amince da rigakafin farko da aka samo daga ƙwayoyin tsiro, na cutar Newcastle ta kaji, daga taba. Shi ma allura ce, kuma bai shiga kasuwa ba. Ni dai ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da malamin nan zai ɗaura buhun busasshen ganye a bayan babur, ya bar kula a gida.