Ƙafa Tana Bin Ganga: Zaɓen Kiɗan Motsa Jiki a Mafoni

Da an idar da sallar asuba a Mafoni, kafin Keke Napep su cika titi, akwai ɗan lokacin da Maiduguri ke da sanyi-sanyi. A wannan tsakanin ne masu gudu ke fitowa. Wasu su miƙa zuwa filin wasa na El-Kanemi, wasu su tsaya a lungu wajen ƙarafan ɗagawa da aka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota. Da yawansu da iyafis a kunne, kuma abin da ke fita daga wayar galibi shi ne waƙar da ake yayi a wannan watan, ko wadda mai tura waƙoƙi a kasuwa ya zuba musu a memori.

Waƙar yayi tana da daɗi, amma ba kowace ce ke taimakon mai gudu ba. Abin da jiki ke saurara a cikin kiɗa shi ne saurin bugunsa, wato sau nawa ganga ke sauka a minti ɗaya.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin haka a aikace. Ranar gayya, makaɗin gangar noma yana bin bayan manoma kunya-kunya, fartanya na sauka tare da gula, sai a wayi gari an gama gonar da mutum ɗaya zai yi kwanaki a cikinta. A fagen dambe, a da, makaɗi Ɗan Anace kan zuga ɗan dambe Shago har ya shiga fili jikinsa na tsuma. Sojojin barikin Maimalari, kamar takwarorinsu a ko'ina a Najeriya, da waƙa suke gudun safe, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, don taki ya zo ɗaya kuma tafiya ta yi sauƙi. Abubuwa biyu ne a nan, kuma ya kamata a raba su: kiɗan noma da waƙar soja suna daidaita motsi ne, kirarin ɗan dambe kuwa zuciya yake tayarwa.

Masu bincike sun zo daga baya suka auna. A 1911 wani Ba'amurke mai suna Leonard Ayres ya lura cewa masu tseren keke a birnin New York suna ƙara sauri duk lokacin da 'yan badujala suka fara busa. A wannan zamani kuwa, sunan da ya fi fice a fannin shi ne Farfesa Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan. A wani gwaji da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, mutanen da suka daidaita takinsu da kiɗa mai zuga a kan injin tafiya sun ƙara daɗewa da kusan kashi 15 cikin ɗari kafin su gaji, idan aka kwatanta da lokacin da babu kiɗa. Wani gwajin na 2012 ya nuna cewa masu tuƙa keke daidai da bugun kiɗa sun rage cin iskar oksijin da kusan kashi 7 cikin ɗari a kan aiki iri ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan motsi ya zama a tsare, babu ƙarfin da ke zubewa wajen hanzari da tsayawa.

A 2020 Peter Terry da Karageorghis da wasu suka tattara bincike 139 suka duba su gaba ɗaya. Sakamakon ya tabbatar da cewa kiɗa na kyautata yanayin zuciya, yana rage jin wahala, yana kuma ɗan ƙara ƙwazo. Kiɗa mai sauri ya fi mai sanyi tasiri, kuma mai motsa jiki don lafiya ya fi ƙwararren ɗan wasa amfana.

Ko ƙwararrun ma akwai wanda ya gwada ya ga amfani. A Fabrairun 1998, a Birmingham ta Ingila, Haile Gebrselassie na Habasha ya nemi a saka masa waƙar "Scatman" a lasifikar fili saboda bugunta ya yi daidai da takinsa, ya kuwa kafa sabon tarihin duniya a gudun mita 2,000 na rufaffen fili.

To yaya ɗan Mafoni zai san waƙar da ta dace da shi? Ba sai ya sayi wata na'ura ba. Ya saka waƙar, ya riƙa buga yatsa a cinya tare da ganga na tsawon daƙiƙa 15, ya ninka abin da ya samu sau huɗu. Idan ya ƙirga 32, waƙar tana bugu 128 ke nan a minti. Sannan ya yi wa ƙafafunsa irin wannan ƙirga yana cikin gudu. Faretin soja irin wanda ake yi a dandalin Ramat yana tafiya a kan taki kusan 120 a minti. Mai sassarfa yakan yi tsakanin 150 da 170, gwanayen gudu kuma su kai 180 ko su wuce. Ga wanda yake so kiɗa ya zama rakiya kawai, ba sai ya taka daidai da shi ba, bincike ya nuna yawancin mutane sun fi jin daɗin bugu 120 zuwa 140, kuma abin da ya haura wannan ba ya ƙara wani abin kirki.

A nan ne waƙoƙin yayi ke ba da matsala. Amapiano, kiɗan Afirka ta Kudu da ya mamaye wayoyin matasa, yawanci bugunsa bai wuce 110 zuwa 115 ba, kuma da yawa daga waƙoƙin Legas suna nan kusa ko ƙasa da haka. Sun yi kyau ga tafiya mai sauri da ɗumama jiki, amma mai gudun da ya biye musu zai ji ƙafarsa na yin nauyi. Dabarar da masu gudu ke yi ita ce su nemi waƙa mai bugu 80 zuwa 90, su taka sau biyu a kan kowane bugu, sai lissafi ya ba da 160 zuwa 180. Don haka waƙar gambarar zamani mai tafiya a natse tana iya fin waƙar biki amfani a kan titi. Waƙoƙin Ado Gwanja, Hamisu Breaker ko DJ AB, kowace a ƙirga ta da kanta, domin mawaƙi ɗaya yana da mai sauri yana da mai sanyi. Kiɗan kalangu da gangar Barebari suna da sarƙaƙiya, bugu a cikin bugu, sai mutum ya kama babban bugun da masu rawa ke sauke ƙafa a kai ya bar ƙananan.

Mai ɗaga ƙarfe lissafinsa daban. Ba taki yake nema ba, zuga yake nema kafin ya kama ƙarfen, kuma a nan kalmomin waƙa da abin da take tuna masa sun fi saurinta muhimmanci. Waƙar da mutum ya zaɓa da kansa ta fi wadda mai sifika ya ɗora wa kowa aiki a jikinsa.

Akwai iyaka kuma, wadda ta fi shafar Maiduguri fiye da Landan. Kiɗa yana rage jin gajiya da kusan kashi 10 cikin ɗari a motsi mai sauƙi ko matsakaici, saboda yana ɗauke hankali daga saƙon da tsoka da huhu ke aikawa ƙwaƙwalwa. Idan gudu ya tsananta har numfashi ya fara sarƙewa, wannan tasiri yakan gushe. Amma kafin a kai can, ɗauke hankalin kansa abin lura ne a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaukewar gumi gargaɗi ne, kuma bai kamata wata waƙa ta danne su ba. Wanda rana ta cim masa a hanya ya rage sauri ya sha ruwa ko da amshin da ya fi so ne ke tafe. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki.

Sai kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga manya shi ne desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako. Da ƙara ta ɗan hau, lokacin da kunne zai jure yana raguwa da sauri ƙwarai. Mai gudu a bakin titi yakan ƙure ƙarar waya don ta rinjayi hayaniyar ababen hawa, sai ya cuci kunnensa kuma ya kasa jin ham ɗin keken da ke bayansa. Tun da aka hana babura a 2011 Keke Napep ne suka gaji titunan garin, kuma suna rakuɓowa har gefen da mai gudu yake. Iyafis ɗaya a kunne ɗaya ya isa. A garin da ya sha dokar hana fita da shingayen bincike, jin kiran jami'in tsaro tun daga nesa ba ƙaramin abu ba ne.

Ba kowa ne ke sauraron kiɗa ba, kuma akwai masu barinsa saboda addini. Su ma ba su rasa hanya ba. Akwai manhajojin waya masu ba da ƙwanƙwasa zalla a kan saurin da aka saita, kuma gudu cikin ayari yana daidaita taki ko babu waƙa.

Waɗanda aka fi mantawa da su a wannan zance su ne iyaye mata da magidanta masu fama da hawan jini ko ciwon suga, waɗanda likita ya ce su riƙa tattaki. Abin da ake nema daga baligi shi ne aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Matsakaicin motsi a tafiya yana farawa ne daga kimanin taki 100 a minti, saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Waƙoƙin nan masu bugu 100 zuwa 115 da suka yi wa mai gudu sanyi su ne daidai wannan tafiya, kuma bakwai ko takwas daga cikinsu sun cika rabin sa'a, ko a tsakar gida mutum yake kai da kawowa.