Daga motar kara zuwa ganuwar Katagum: Yadda ake zaɓen alƙalamin feshi da injin iska na farko

Duk wanda ya tashi a Azare ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san lokacin da ake gama girbi, yara su bazama gonaki suna tsintar karan dawa. Kafin la'asar an fere shi, an soke da tsinke, an fitar da mota mai ƙafa huɗu har da kwandasta a baya. Da yawa daga cikin waɗannan yara su ne yau ke zaune a ofisoshin Abuja, suna wuce ƙananan samfuran gine-gine da ake ajiyewa cikin gilashi a harabar ma'aikatu, ba tare da tunanin cewa sana'a ɗaya ce da wasan da suka baro ba. Bambancin kawai shi ne awo da fenti.

Awo abu ne da ake koya da rula. Fenti kuwa yana buƙatar kayan aiki, kuma a nan ne ma'aikacin da ke son komawa ga wannan sha'awa, ko yake son ƙarfafa wa ɗansa mai basirar hannu, kan yi asarar kuɗinsa. Akasari mutum kan zuba duk abin da ya tanada a kan alƙalamin feshi mai suna, sannan ya haɗa shi da duk injin iskar da ya samu. Gaskiyar magana ita ce iskar ta fi alƙalamin muhimmanci, musamman a ƙasa mai zafi da ƙura irin ƙasar Katagum.

Me ya sa buroshi ba ya wadatarwa?

A ɗauki misali daga tarihin gida. A watan Janairun 1824 Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya sauka a birnin Katagum, wanda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19. Ya bayyana birnin da cewa mai kusurwa huɗu ne, da ƙofofi huɗu, da ganuwa biyu ta jar ƙasa mai tsayin kusan ƙafa 20. A 1916 aka mayar da hedikwatar masarautar zuwa Azare. Wanda ya so ya sake gina wannan ganuwa a kan tebur, da awon 1:100, wato kowace mita ɗaya ta zama santimita ɗaya, ganuwar tasa ba za ta wuce santimita 6 ba.

A kan abu mai wannan ƙanƙanta, sawun gashin buroshi ɗaya kan fito tamkar tsagewar gini. Launin jar ƙasa kuma ba iri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa: gindin katanga ya fi duhu, samanta rana ta koɗar da shi. Alƙalamin feshi ne ke iya shimfiɗa fenti siriri kamar hazo, launi ya narke cikin launi. Haka abin yake ga mai haɗa motocin roba na awon 1:24 ko jiragen sama na 1:72.

Alƙalamin da ya dace da sabon shiga

Na'urar ba ta fi alƙalamin rubutu girma sosai ba. A cikinta akwai allura da ke toshe wani ɗan ƙaramin baki, a samanta kuma akwai kunama. Abubuwa uku ne za a duba.

Na farko, aikin kunama. Akwai mai aiki ɗaya, wadda da an danna iska da fenti ke fita tare. Akwai mai aiki biyu: a danna ƙasa iska ta fito, a ja baya fenti ya biyo gwargwadon jan da aka yi. Ta biyun ta fi wuyar koyo a makon farko, amma ita ce ba za a gaji da ita ba.

Na biyu, mazaunin fenti. Wanda ƙoƙonsa ke sama, fenti na gangarowa da kansa, yana aiki da ɗigo kaɗan da iska kaɗan, kuma yana da sauƙin wankewa. Mai kwalba a ƙasa na masu babban fili ne, yana cin fenti da iska.

Na uku, faɗin baki. Sabon shiga kan ɗauka mafi sirantaka shi ne mafi kyau, sai ya sayi mai milimita 0.2, ya yini yana fama da toshewa. Tsakanin 0.3 zuwa 0.5 shi ne daidai. Iwata Eclipse HP-CS na Japan yana zuwa da 0.35, Badger Patriot 105 na Amurka kuma da 0.5, dukkansu sanannu ne a hannun masu koyo. Akwai kuma na Sin marasa suna masu rahusa, waɗanda za a iya koyon hannu da su. Sai dai kafin a biya, a tambaya ko ana samun allura da bakin canji. Allurar na lanƙwashewa da faɗuwa ɗaya, kuma alƙalamin da ba shi da kayan gyara, ranar da ya faɗi ranar ya mutu.

Injin iska, inda maganar take

Wani zai ce ai ga injin mai faci a bakin tasha, ga na masu fentin mota. Waɗannan an yi su ne don taya da jikin mota. Ƙararsu ba ta zama a cikin gida, da yawansu kuma kan turo burbushin mai da ruwa cikin tiyo. Can ɗaya gefen kuma akwai ƙananan injuna masu batir da masu kwalliya da masu ado wa kek ke amfani da su. Iskarsu ba ta da ƙarfin da za ta daɗe tana tura fentin samfuri.

Abin da ake nema shi ne ƙaramin inji marar mai, wanda ya haɗa abubuwa uku. Tanki, ko da mai lita 3 ne, domin iska ta fito a miƙe ba tana harbawa kamar bugun zuciya ba, injin kuma ya riƙa kashe kansa yana hutawa. Wannan hutu ba ƙaramin abu ba ne a bazarar Azare, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Sai makunnin daidaita ƙarfi mai agogo, domin yawancin aikin ana yin sa ne tsakanin PSI 15 zuwa 25. Sai matatar ruwa, domin iskar damina in an matse ta takan zubar da raɓa, ɗigo ɗaya kuwa ya isa ya ɓata aikin mako guda.

Batun wuta ma abin lura ne ga masu sayayya ta intanet ko masu saƙo ta hannun abokin aiki da ya yi tafiya. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka zai ƙone in an jona shi kai tsaye. Abin farin ciki, irin waɗannan ƙananan injuna ba su cika cin wat 200 ba, don haka inbata ta sola ko ƙaramin janareta na ɗaukarsu. Kada dai a dogara da tanki in an ɗauke wuta, iskar cikinsa ba ta daɗewa. A kuma duba bakin tiyo: na Iwata da na Badger ba zare ɗaya ba ne, sai da mahaɗi.

Hunturu, ƙura da huhu

Littattafan koyarwa na Turai ba su san hunturu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan bushe har fenti mai haɗin ruwa ya daskare a kan tsinin allura, ko ya bushe kafin ya isa jikin samfuri, ya bar shi da kaushi kamar yashi. Maganinsa a tsinka fentin ya koma kamar madara, a ɗiga masa sinadarin jinkirta bushewa, a matso da hannu kusa, a rage iska. Da an gama a kife kwali mai tsabta a kan aikin, kafin ƙura ta same shi.

Mafi girman abin da ke cikin haɗari shi ne lafiya. Abin da ake fesawa, ana shaƙarsa. Fentin da ake tsinkawa da tina yana buƙatar takunkumi mai matatar sinadari da ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga. Takunkumin kyalle ba ya tare tururinsa. Ga yaro, a tsaya kan fenti mai haɗin ruwa irin na Vallejo, shi ma da takunkumi, kuma ba a ɗakin kwana ba.

Yadda za a raba kuɗin

Idan kuɗin bai kai a sayi mai kyau a duka biyun ba, a fifita injin iska, a haɗa da matsakaicin alƙalami, a ware wani abu don takunkumi da ruwan wanki. Injin kirki zai yi shekaru yana aiki, ana canza alƙaluma a kansa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta koya wa hannu aiki. Kafin a taɓa samfurin da aka sha wahalar haɗawa, a yi kwanaki ana fesa ɗigo da layi a kan takarda da cokulan roba, a kuma saba da wanke alƙalami duk lokacin da aka tashi.

Ma'aikacin da zai je gida hutun Sallah, in ya tarar da yaro a zaure yana fere kara, ya tsaya ya dubi aikin da kyau. Ya fara ba shi rula da kwali, ya ce ya auna masa ƙofar gidansu da awon 1:100. In ya kawo ta daidai, lokacin sayen injin ya yi.