Lissafin Da Ba a Neman Amsarsa

A hutun da ya wuce na tarar da yayana a zaure yana fama da wani ƙaton littafi. Ya gama jami'a, yana so ya tafi Amurka karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma makarantu da yawa a can suna duba sakamakon wata jarrabawa mai suna GMAT, wadda aka fara tun 1954. Da dala ake biyan kuɗinta, Baba kuwa ya ce sau ɗaya zai biya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wasu tambayoyi da ba a son ka faɗi amsarsu. Za a yi tambaya, a ba ka bayani biyu, kai kuma ka faɗi ko bayanin ya isa a gano amsa. Zaɓi biyar ne kullum. A, na farko kaɗai ya isa. B, na biyu kaɗai. C, sai an haɗa su. D, kowanne ya isa shi kaɗai. E, ko an haɗa ba su isa ba.

Ga wadda yayana ya gwada ni da ita. Nawa ne x? Bayani na farko, x sau x ya ba da 9. Na biyu, x ya fi sifiri. Nan take na ce, "Yaya, ai 3 ne, A ce!" Ya yi dariya ya ce, "To, -3 fa?" Kunya ta kama ni, domin -3 sau -3 ma 9 ne. Amsa biyu ke nan, wato na farko bai isa ba. Na biyu ma bai isa ba, tun da lambobin da suka fi sifiri ba su da iyaka. In an haɗa su sai 3 kaɗai ta rage, saboda haka C ce.

Wuyar abin a ganina ita ce mantuwa da gangan. In ka zo kan bayani na biyu, dole ka yi kamar ba ka taɓa ganin na farko ba, in ba haka ba sai ka zaɓi B inda C ce daidai. Sannan "a'a" ma amsa ce. In an tambaya ko n ta fi 10, bayani ya nuna 7 ce, to ya isa, domin ya raba gardama.

Tun 2023 waɗannan tambayoyi suna cikin sashe mai tambaya 20 a minti 45, shi ya sa yayana ba ya ɓata lokaci yana ƙarasa lissafi.

'Yan'uwa ɗalibai, ga ɗaya ku gwada a lokacin firef. Shekarun wani yaro nawa? Na farko, ya girmi ƙanensa da shekara 4. Na biyu, jimlar shekarunsu 20.