Fodkas na Labaran Laifuka Tsakanin Baƙi Mazauna Ƙetare da na Kimiyyar Halittu: Bayani Kan Zubi da Harshe

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun daɗe da amincewa cewa kowane zamani yakan zo da tasa kafar isar da zance. Daga dandali zance ya koma akwatin rediyo, daga nan ya shiga kaset, yanzu kuma ya sami mazauni a wayar hannu ta hanyar abin da ake kira fodkas. Wannan maƙala za ta yi bayani kan rukuni biyu na irin waɗannan shirye-shirye, wato masu bin diddigin laifukan da suka auku da gaske tsakanin baƙi mazauna ƙasashen da ba nasu ba, da kuma masu bayanin kimiyyar halittu. Za a dubi asalinsu da zubinsu da yadda suke sarrafa harshe, sannan a nuna abin da ya shafi Hausa daga ciki. Dalilin haɗa su shi ne dukkansu sun dogara ne ga kunne kaɗai, kuma dukkansu suna da'awar faɗar gaskiya.

2.0 Ma'ana da Asalin Fodkas

Fodkas shiri ne na sauti wanda ake ajiyewa a intanet kashi-kashi, mai saurare ya sauke shi ya ji a lokacin da ya ga dama. Bambancinsa da shirin rediyo shi ne ba a ɗaure shi da wani lokaci ko zango ba. Kalmar ta fara fitowa a rubuce ne a 2004 cikin jaridar Guardian ta Ingila, daga alƙalamin wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley. Harɗaɗɗiyar kalma ce, an ɗebo rabinta daga sunan na'urar iPod, aka ɗebo ɗaya rabin daga kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A 2005 kamfanin Apple ya shigar da fodkas cikin manhajarsa ta iTunes, abin da ya sauƙaƙa wa jama'a samunsa.

Da yake Hausa ba ta da sautin da kalmar ta fara da shi a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta, an maye gurbinsa a nan da f, aka kuma shafe baƙin ƙarshe, kamar yadda aka saba yi wa kalmomin aro.

3.0 Fodkas na Labaran Laifuka

Shirin da ya fito da wannan rukuni fili shi ne Serial, wanda Sarah Koenig ta gabatar a Amurka a 2014 cikin kashi 12. Ya bi labarin kisan Hae Min Lee, ɗalibar sakandare a birnin Baltimore, a 1999, da ɗaurin da aka yi wa tsohon saurayinta Adnan Syed a 2000. An haifi yarinyar a Koriya ta Kudu, shi kuwa iyayensa 'yan asalin Pakistan ne. A 2022 wata kotu ta soke hukuncin aka sake shi, a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta maido da hukuncin, a 2025 kuma aka mayar da wa'adin ɗaurinsa iyakar abin da ya riga ya yi. Daga Serial ne zubin ya zaunu: mai ba da labari guda, muryoyin shaidu, tsofaffin faya-fayen 'yan sanda da na kotu, da kuma rufe kowane kashi da wata tambaya da ba a amsa ba.

3.1 Baƙo a Matsayin Jigo

Idan laifi ya auku tsakanin baƙi, labarin yakan ɗauki wani salo dabam, domin baƙuntar kanta takan zama jigo. Kyakkyawan misali shi ne West Cork, wanda Sam Bungey da Jennifer Forde suka fitar a 2018. A ranar 23 ga Disamba 1996 aka tsinci gawar Sophie Toscan du Plantier, Bafaranshiya mai shirya finafinan talabijin, kusa da gidanta na hutu a wani ƙauye da ke gundumar Cork ta ƙasar Ailan. Wanda zargi ya faɗa wa shi ma baƙo ne, wato Ian Bailey, ɗan jarida ɗan Ingila da ke zaune a yankin. An kama shi sau biyu, amma hukumomin Ailan ba su taɓa gurfanar da shi ba saboda rashin isasshiyar hujja. A 2019 wata kotu a Faris ta yanke masa ɗaurin shekara 25 a bayan idonsa, kotunan Ailan kuwa suka ƙi miƙa shi. Ya rasu a Janairu 2024 yana musanta laifin.

A nan an sami tsarin shari'a biyu da suka dubi hujjoji kusan iri ɗaya suka kai ga matsayi mabambanta. An kuma sami al'ummar ƙauye wadda ke da kalmarta ta musamman ga waɗanda suka zo daga waje, mai nufin wanda iska ta kwaso. Hausa ma tana da irin wannan rarrabewa. Akwai baƙo, wanda ake sa ran tafiyarsa. Akwai ɗan ci-rani, mai zuwa neman abinci na wani lokaci. Akwai ɗan gudun hijira, wanda tilas ta fitar. Akwai ɗan kaka-gida, wanda ya zauna ya yi saiwa. Sannan akwai bare, wanda ko ya daɗe ba a ɗauke shi ɗan gari ba. Kalmar da mai ba da labari ya zaɓa daga cikin waɗannan tana iya sa mai saurare ya tausaya wa mutum ko ya yi masa kallon tuhuma tun kafin a kawo hujja.

3.2 Harshe a Matsayin Hujja

A shari'o'in baƙi, sau da yawa magana ita kanta ce hujjar da ake jayayya a kai. Wasu shaidu sun ce sun ji Bailey yana amsa laifin da bakinsa, shi kuwa ya ce baƙar raha ce yake yi saboda yawan zargin da ake yi masa. Wannan shi ne abin da Hausa ke kira gatse, wato faɗar magana ana nufin kishiyarta. Gatse yana rayuwa ne a cikin murya da yanayi, da zarar an kwafe shi a takardar ɗan sanda sai ya koma magana ta zahiri.

Misali na biyu ya fito ne daga birnin Perugia na Italiya, inda aka kashe Meredith Kercher, ɗaliba 'yar Ingila, a 2007. An zargi abokiyar zamanta Amanda Knox, 'yar Amurka, wadda a lokacin ba ta ƙware da Italiyanci ba. Ta aika wa mai gidan aikinta saƙon waya da Italiyanci, inda ta kwaikwayi sallamar Ingilishi mai kama da "sai an jima". Masu bincike suka ɗauki saƙon a matsayin alkawarin haɗuwa a daren. Kotun ƙolin Italiya ta wanke ta daga laifin kisa a 2015, a 2019 kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa an tauye mata haƙƙi wajen rashin lauya da rashin tafinta nagari a lokacin tambayoyi. Daga baya ita kanta ta shiga gabatar da fodkas kan irin waɗannan shari'o'i. Darasin da ke nan ga masanin harshe shi ne fassarar kalma da kalma tana iya jefa mutum kurkuku.

4.0 Fodkas na Kimiyyar Halittu

Rukuni na biyu yana fuskantar matsala ta daban: yadda za a nuna wa kunne abin da aka saba nuna wa ido. An bi hanyoyi uku wajen warware ta.

Hanya ta farko ita ce barin halittar ta yi magana da kanta. Shirin Tweet of the Day, wanda BBC ta fara a 2013 da muryar David Attenborough, yakan buɗe da kukan tsuntsu guda, sannan a yi ɗan bayani da bai kai minti biyu ba. A nan sauti ne kan gaba, magana tana biye.

Hanya ta biyu ita ce hira. Shirin Radiolab, wanda Jad Abumrad ya kafa a gidan rediyon WNYC na New York a 2002, ya yi fice da salon mutum biyu, ɗaya yana bayani, ɗaya yana tambaya da musu a madadin mai saurare. Mujallar kimiyya ta Nature ma ta fara nata fodkas a 2005, inda ake tattaunawa da masu bincike kan abin da suka wallafa.

Hanya ta uku ita ce kamance. A 2019 sashen duniya na BBC ya fitar da 30 Animals That Made Us Smarter, wanda Patrick Aryee ya gabatar, kan dabarun da ɗan Adam ya koya daga dabbobi. Daga ciki akwai labarin jiragen ƙasa masu tsananin gudu na Japan, waɗanda kan yi ƙara mai firgitarwa idan sun fito daga ramin dutse. Injiniyoyi suka sake fasalin hancin jirgin ya yi kama da dogon bakin wani tsuntsu mai kamun kifi, wanda ke tsunduma cikin ruwa ba tare da ya fantsama shi sosai ba. Jirgin mai sabon fasali ya fara aiki a 1997. Mai saurare bai ga jirgin ba, amma ya san bakin tsuntsu, don haka sai ya gane.

5.0 Inda Rukunan Biyu Suka Haɗu

Shirin Death in Ice Valley, wanda BBC da gidan rediyon NRK na Norwe suka fitar a 2018, ya haɗa rukunan biyu. A Nuwamba 1970 aka sami gawar wata mace a ƙone a wani kwari kusa da birnin Bergen. An cire tambarin tufafinta, ta kuma kwana a otal-otal da sunaye na ƙarya daban-daban, tana rubuta cewa ita 'yar Beljiyam ce. 'Yan sanda a lokacin sun karkata ga cewa ta kashe kanta ne, kuma har yau ba a san sunanta ba.

Marit Higraff da Neil McCarthy, masu gabatar da shirin, sun koma ga masana kimiyya. Akwai sinadarai a cikin duwatsu da ruwan kowane yanki da ke shiga abinci, daga nan su zauna a ɓawon haƙori tun yana tsirowa, ba kuma sa canzawa bayan haka. Auna su yakan nuna yankin da mutum ya taso. Da irin wannan dabara ce ake gano inda tsuntsaye masu ƙaura suka fito ta hanyar auna gashinsu. Binciken haƙoran matar ya yi nuni da yankin Jamus da iyakarta da Faransa, nazarin rubutun hannunta kuma ya yi nuni da salon da ake koyarwa a makarantun masu amfani da Faransanci. Abin lura shi ne kalmomin da masanan suka riƙa amfani da su: "mai yiwuwa", "alama ta nuna". Duk rukunan biyu suna rayuwa ne a kan bambanci tsakanin abin da aka tabbatar da abin da ake zato.

6.0 Abin da Ya Shafi Hausa

Masu jin Hausa tsofaffin ma'abota saurare ne. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki tun 1957, na Muryar Amurka kuma a 1979. Saboda haka kunnen da fodkas ke bukata yana nan a shirye. Abin da ya rage shi ne kayan aikin harshe, kuma akwai su a fannoni uku.

Na farko, kalmomin nesanta kai daga zance. Hausa tana da "wai" da "an ce" da "ƙila" da "ga alama", kowace da nauyinta. "Wai" takan ɗauki shakka, har ma da ƙaryatawa a wani lokaci, "an ce" kuwa rahoto ne kawai. Haka nan akwai tazara tsakanin wanda ake zargi, da wanda ake tuhuma a gaban kotu, da wanda aka sama da laifi. Bailey ya kasance na farko a Ailan, na uku a Faransa. Mai shiri da ya gwamutsa waɗannan ya yi ƙazafi, kuma mutuncin mutane ne da dangin mamata ke kan gaba. A Ostireliya sai da aka janye shirin The Teacher's Pet daga masu saurare na ƙasar a 2019 don kada ya yi tasiri a shari'ar da ke tafe.

Na biyu, amsa-kama. Kalmomi irin su tsulum da fir da sumul da caa suna zana motsi da kama a cikin kunne, wanda shi ne ainihin abin da fodkas na halittu ke wahalar nema ta hanyar na'ura. Jumlar "ya faɗa ruwa tsulum" ta isa ta bayyana shigar tsuntsun nan cikin ruwa.

Na uku, sunayen halittu. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, ƙamusun Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen tsuntsaye da itatuwa. Littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam ya nuna tun kafin samun 'yancin kai cewa ana iya bayanin halittu da Hausa tsantsa. Sai dai yaron birni na yau zai yi wuya ya bambance shamuwa da zalɓe, ko ya san cewa zuwan shamuwa alama ce ta ƙaratowar damina. Suna idan ya rabu da abin da yake nufi, ƙamus kaɗai ke riƙe shi. Shirin sauti da zai haɗa kukan tsuntsu da sunansa daga bakin manomi ko maharbi zai yi aikin da takarda ba za ta iya ba, zai kuma adana bambancin karin harshe tsakanin Sakkwato da Kano da Damagaram.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa fodkas na laifukan baƙi da na kimiyyar halittu, duk da nisan da ke tsakanin jigoginsu, suna bukatar abu guda daga harshe, wato ya zana hoto a kunne, ya kuma auna nauyin kowace da'awa. An ga yadda gatse da sallama da zaɓin kalma suka zama hujja a kotu, an kuma ga yadda kamance da sauti suka maye gurbin ido. Aikin da ke gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne daidaita kalmomin shari'a da na kimiyya da masu shirye-shirye za su dogara da su, da kuma naɗar sunayen halittu daga bakin dattawan da suka san su tun suna raye.