Uba Na Son Magana Jari Ce, Ɗa Ya Ce Sai Littafin Yarbawa

A unguwannin Hausawa na Kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabon Badun da na Shagamu, akwai wani abu da ke ɗaure wa iyaye kai. Uba yakan je gida ganin dangi, ya komo wa ɗansa da tsarabar Magana Jari Ce, littafin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta wajen 1937, wanda shi uban ya kusa haddacewa tun yana firamare. Sai yaro ya karɓa da ladabi, ya yi godiya, ya ajiye. In aka leƙa jakarsa kuwa, sai a tarar da littafin D. O. Fagunwa na Yarbanci, ko Chike and the River na Chinua Achebe. 'Yan mata kuma nasu karatun ya koma cikin waya.

Iyaye da yawa sukan ɗauka raini ne. Amma dalilin a fili yake. Yaron da aka haifa a Kurmi yana jin Hausa a gida, ya yi karatun allo da yamma, amma a makarantar boko Turanci da Yarbanci aka koya masa. Ba wanda ya taɓa nuna masa bambancin "k" da "ƙ" a takarda. Watau littafin uban nasa bai gundure shi ba, karanta shi ne ke yi masa wuya.

Abin da ya kamata a lura da shi kuma, ɗanɗanon nasu bai yi nisa da juna ba. Ruwan Bagaja ya fito a 1934, littafin Fagunwa na farko a 1938. Wancan labarin matafiyi ne mai yawon duniya, wannan na maharbi ne a dajin aljannu. Shi kansa Imam daga labarun Larabawa da Indiyawa da Turawa ya tsinto da yawa, ya sa musu rigar Hausa.

To, faɗa ba zai yi magani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In uba ya zauna bayan sallar isha'i ya karanta wa yaro labari ɗaya daga bakin aku, ya tsaya daidai inda daɗin ya kai, ya miƙa masa littafin, gobe yaron ne zai zo yana tambayar yadda ake faɗar wannan "k" mai lanƙwasa.